Matar Da Ta Hana A Yanke Hannun Malam

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa, ta goge allo da gefen gyalenta, ta sa hoton da'ira ta tsura masa ido. In da'irar ta fito zagaye sumul, a fara aiki. In ta baje kamar ƙwai, to ko shayi ba za ta sha ba sai ta gano wanda ya taɓa mata na'ura. Shekara ashirin da shida ta yi a gidan talabijin ɗinmu, yawancinsu a ɗakin tace hoto, can ƙarshen baranda. Anti Awo muke ce mata. Makon jiya ta yi ritaya, aka ba ta agogon bango da jawabin minti uku. Ni direba ne, ba wanda ya ce in yi magana, shi ya sa na ɗauki biro.

'Yata kurma ce. Har ta kai shekara shida ba abin da ke haɗa mu sai nuni da yatsa da girgiza kai. Abin da ya fara buɗe mana baki shi ne shirin koyar da maganar hannu na ranar Asabar, wanda wani malami ya ɗauka a kaset kafin ya rasu. Mu zauna a tabarma ni da ita, malam ya yi, mu kwaikwaya, ta yi ta yi mini dariya don yatsuna sun saba da sitiyari.

Sai gidan talabijin ɗin ya koma watsa hoto mai faɗi, irin na sababbin talabijin. Kaset ɗin malam kuwa na tsohon allo ne, kusan tsawonsa ɗaya da faɗinsa. Anti Awo ta ajiye shi a tsakiya yadda yake, baƙi ya rage dama da hagu. Sabon manaja ya gani ya ce wannan baƙin abin kunya ne, a cika allo.

Ina baranda ina jiran takarda, na ji komai.

"Ranka ya daɗe, hanya biyu ce," in ji ta. "Ko in ja hoton gefe da gefe, malam ya zama tulu, yatsunsa su karkace. Ko in zuƙo shi, in yanke sama da ƙasa. A nan hannunsa yake magana."

"To ki ɗaga lambar hoton zuwa mafi girma, zai gyaru."

"Layi ɗari biyar da saba'in da shida aka ɗauka. Ko ka hura shi ya kai bango, ba ka ƙara masa komai ba. Kuma ɗigogin tsohon kaset sun ɗan fi faɗi, ba kamar na kwamfuta ba. In ba ka gaya mata ba, ita ma matse mutum take yi."

"Ban zo karatu ba. Ki zuƙo."

Ta zuƙo a gabansa, ta leƙo ta kira ni. "Direba, me malam ya ce yanzu?"

Na duba. Fuska ce da kafaɗa, hannu yana faɗawa ƙasan allo ya ɓace. Na ce, "Ban sani ba, Anti."

Ta mayar da hoton yadda yake, ta naɗe hannu. "Da hannuna dai ba zan yi ba."

Washegari aka mayar da ita ɗakin ajiyar kaset, cikin ƙura da kyankyasai, aka ba wani aikinta. Asabar uku aka watsa malam guntule. A ta uku 'yata ta tashi ta kashe talabijin ta shige ɗaki. Wallahi ranar na yi kuka, ni da gemuna.

Kun ɗauka ta karaya? Ina! Kaset arba'in da biyu na malam ta kwafe ɗaya bayan ɗaya, kowanne da awonsa daidai. Da kuramen gari suka zo ƙorafi suka cika falon baƙi suka zauna, wuni guda ba wanda ya motsa, manaja ya aika a nemo shirin na asali. Yana nan a jere, ta rubuta wa kowanne lamba. Shirin ya dawo. Ita kuwa sai da ta shekara biyu a ɗakin ajiya, kuma har yau ba wanda ya ce mata yi haƙuri.

Anti, ke ce kika san baƙin gefe ba abin kunya ba ne, yanke wa mutum magana shi ne abin kunya. Kaifi ɗaya, ba a lanƙwasa ki. An ce kina da taurin kai. Ƙwarai kuwa, Allah ya ƙara.

Ku kuma matasan da ke kan na'urar yanzu, maɓallin cika allo sau ɗaya ake latsa shi, na sani. Kafin ku latsa, ku duba me zai faɗi daga allon, kuma wa ke gida yana jiransa.

Anti Awo, mun gode, Allah ya saka da alheri. 'Yata ta girma, tana da shekara goma sha tara. Da na gaya mata zan rubuta wannan, ta ce in faɗa miki duk faɗan da take yi da ni yanzu ke kika jawo. Muna yi kuwa, kusan kullum, kuma ba kalmarta ɗaya da ke wuce ni.