Matar da Ta Ɗebo Teku

A jirgin ƙasan da ke dawo da mu Cape Town daga bakin tekun Muizenberg, kowa na kakkaɓe yashi yana hira, ban da dattijuwar da ke zaune a gabana. Ita ba wanka ta je ba. Kayan zuwa coci ne a jikinta, gefen siket a jiƙe. Ta rungume jarkar roba cike da ruwan teku, da ɗan yashi kwance a gindi, don wanda aka ɗebo wa ya tabbata ba gishiri aka jiƙa masa ba.

Jarkar tana yoyo. Wajen turereniyar shiga ta tsage daga ƙasa, ga bakinta da leda aka ɗaure, ba halin kifa ta. Ta danne tsagar da babban yatsa, amma ruwan na bin hannunta yana ɗiga ta gwiwar hannu.

"Mama, tekun nan naki zai riga ki sauka fa," in ji wani saurayi mai tawul a wuya.

Ba ta yi dariya ba. "Maigidana za a shafa wa a ƙafafu, ɗana. Da can shi yake zuwa da kansa."

Na laluba jakata, ko kwalba babu. Ina jin mutumin ya daɗe a kwance, kuma tun safe idonsa na kan ƙofa.

Ruwan ya koma rabi. Ta daina duba tsagar, sunan kowace tasha take karantawa da leɓe, kuma tata da saura. Da zan sauka, tsallake ruwan da ya zuba a ƙasa na yi. Na kasa taka shi.