Tawul Mai Nauyi

Ina shiga shagon kayan famfo sai wani mutum ya tashi ya ba ni kujerarsa. "Zauna, Iya, mu yara ma tsaya."

Allah ya saka masa, amma yaron nan ya girmi marigayi maigidana. Gemu ya sha baƙin rini, an manta da gira, fara fat.

Yana jujjuya ƙarfen nan da ake kafawa a bangon banɗaki don tsofaffi su riƙe. Wai na rataye tawul yake so. Mai shago ya nuna masa siriri, ya ce a'a, tawul ɗinsa nauyi gare shi. Sai ya kama na gwaji a bango, ya sakar masa nauyinsa, ya durƙusa, ya miƙe yana cije leɓe. Ni dai ban taɓa ganin tawul mai gwiwa ba. Turarensa bai rufe warin man zafi ba. Na ce a raina santsin tayil ya kayar da shi, ya ɓoye wa mutanen gida.

Sai muka ji muryar mace a waje: "Baba, kana nan ciki?"

Ya ajiye min ƙarfen a cinya, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata ce. In ta gane na faɗi, sakatar banɗakina za su cire, a sa jika gadi. Iya, ban ce ki yi ƙarya ba. Ki riƙe kawai, in za ki tashi ki ɗan yi nishi."