Muryata Ta Tsallake Katanga

Assalamu alaikum. Na jima ban yi muku dogon rubutu a nan ba. Kullum sai in leƙa hotunan bidiyonku, in ce a sa rubutu a ƙasa, har wasu sun fara kirana tsoho mai mita. To yau ku ji dalili.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina sabon malamin firamare a Gumel, lokacin muna cikin jihar Kano. Bazara ta yi zafi. Ina tsaye gaban allo kaina ya fara sarawa, da yamma wuyana ya ƙi lanƙwasuwa.

Sanƙarau ne.

Abin da nake tunawa na asibiti kaɗan ne, shi ma kamar a cikin hazo. An naɗe ni kamar tabarma an ɗebi ruwa a ƙashin bayana. Allura safe da yamma. Fanka tana juyawa a sama, Innata da ta taso daga Sule Tankarkar tana yi min fifita duk da haka.

Ranar da na farfaɗo na ga bakinta yana motsi. Na ɗauka addu'a take yi a ɓoye. Sai kwano ya faɗi daga hannun majinyacin da ke kusa da ni, na ga yana birgima a siminti, shiru.

A nan tsoro ya kama ni, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

Inna ta aika da awakinta kasuwar Maigatari aka sayar, aka kai ni Kano. Likita ya kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora min a bayan kunne. Ya girgiza kai, ya rubuta min a takarda: "Kunnen dama ya tafi. Na hagu sai a yi haƙuri a gani. Amma kada ka daina magana, in ka daina za ta lalace."

Na daina.

Yaya mutum zai yi magana bai san ko ihu yake ko raɗa ba? Sau ɗaya na gwada gaida wani a hanya, na ga yara sun tuntsire da dariya. Daga ranar na kulle bakina. Inna takan durƙusa gabana, ta nuna bakina, ta tara hannu kamar mai roƙo. Ni kuma in juya mata baya.

Barci ya zama gidana, domin a mafarki kunnuwana lafiya lau suke. A can nake jin kiran sallar asuba, da sautin taɓarya, da ɗalibaina suna maimaita karatu. In na farka sai in ji haushin farkawar.

Damina ta wuce a haka.

Maƙwabcinmu Alhaji Bawa, dillalin shanu, ya sayo talabijin, ya kafa eriya a kan doguwar gora. Bayan magariba yakan fito da ita ƙofar gida, jikin katangarmu, unguwa ta taru. Nakan zauna can baya. Hoton fari da baƙi ne, yana rawa kamar ana yayyafi a cikinsa. Mai labarai ya yi ta buɗe baki kamar kifi, mutane su gyaɗa kai, ni ina kallon ƙeyoyinsu.

Wata rana aka sa fim ɗin Indiya. Sai ga rubutun Turanci yana fitowa a ƙasan hoton, layi ya zo, layi ya tafi. Mace ta motsa baki, rubutu ya gaya min abin da ta ce. Wallahi ji na yi kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu. Na duba jama'a, ashe su ne kuramen yau, ba mai jin yaren.

Ban san lokacin da na fara fassarawa ba. Na dai ga kawuna sun juyo gaba ɗaya. Kunya ta rufe ni, na yunƙura zan gudu. Alhaji ya riƙe min riga, ya zaunar da ni gaban akwatin, ya juya hannu alamar in ci gaba.

Na ci gaba har fim ya ƙare. Daga baya aka ce min ana jin muryata har bakin masallaci.

Da na shiga gida, ƙaurin tuwo ne ya tarbe ni. Tukunya ta ƙone a kan murhu. Inna na tsaye jikin katanga, ta manna kunnenta da ƙasar ginin, fuskarta sharkaf da hawaye. Ba ta san fim ba, ba ta damu da shi ba.

Na ce, "Inna."

Ban ji ba. Amma na ga kiran ya isa gare ta.

Kunnen hagu ya ɗan dawo daga baya, na koma aji, na koyar har na yi ritaya. Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Inna da Alhaji Bawa, Ya saka wa likitan nan da ban riƙe sunansa ba.

Shawarata: zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti, kada a jira gobe. A kai yara rigakafi. Wanda ya kurumce a gidanku, ku fuskance shi in za ku yi magana, kada ku yi dariyar muryarsa.

Bidiyonku kuma, don Allah ku sa rubutu a ƙasa. Akwai wanda ke zaune can baya yana jira.