Waken Ermelinda da Waken Nicanor

Yayata Ermelinda ba ta kai shekara goma sha biyar ba mahaifiyarmu ta rasu, murhun gidanmu ya dawo hannunta. Tun daga lokacin ba ta sake yarda wani ya taɓa mata tukunya ba, ni kaina ƙanwarta iyakata wanke-wanke. Jan wake take dafawa kamar kowa a garinmu Danlí, sai dai nata hanyarsa ɗaya: ruwa, gishiri, tafarnuwa. A ci da tortiya, wato gurasar masara, da safe, a ci da rana, a ɗumama da yamma. Da shi ta raine mu, da shi ta raini 'ya'yanta bayan ta auri Nicanor birkila. Ba wanda ya taɓa kushewa. Gaskiya ba wanda ya taɓa yabawa ma, kuma hakan bai dame ta ba, don a ganinta wanda ya cinye ya riga ya yaba.

Nicanor mutum ne mara surutu, yawancin aikinsa a garuruwan bakin teku yake, sai ya yi makonni bai zo gida ba. Wata damina katakon da yake takawa a saman gini ya karye, ya faɗo, ƙugunsa ya tsage. Likita ya ce hawan gini ya ƙare. Dole Ermelinda ta nemi aiki, aka ɗauke ta naɗin sigari a wata masana'antar taba da ke bakin gari. Fita da sassafe, dawowa rana ta yi sanyi, yatsu duk sun rine.

Da farko takan dafa waken kafin ta fita, ta ja wa mijin kunne: "Tsoho, ɗumamawa kawai na ce. Kada ka ƙara komai." Haka suke kiran juna, tsoho da tsohuwa, tun suna da ƙuruciyarsu.

Zaman gida ya ishi Nicanor. Wata rana ya jawo kujera gaban murhu, ya tsiyaye romon waken, ya yanka ɗanyar ayaba da rogo a ciki, ya fasa ƙwai ɗaya-ɗaya a kai. Washegari ya soya sauran da shinkafar da ta kwana. Rana ta uku ya dama abin da ya rage da albasa har ya yi laushi, ya shafa a tortiyar fulawa, ya barbaɗa cuku. Da agada ta nuna ta fara baƙi, wadda Ermelinda za ta jefa wa kaji, sai ya tsaga ta ya cusa wake ya gasa. Tukunya ɗaya ce, cefanen bai ƙaru ba, amma kullum abincin da sabuwar fuska.

Ranar da abin ya fara cin yayata ina gidan. Ta shigo a gajiye ta tarar da 'yarta Dunia, budurwar da kullum ke cewa ba ta jin yunwa, tana suɗe kwano da yatsa.

"Mama, ki ɗanɗana na Baba. Wallahi kamar ba wake ba!"

Ermelinda ta ajiye jakarta a hankali. "Kamar ba wake ba? To da can me kike ci, tsakuwa?"

Ta ɗiba cokali ɗaya, ta tauna, ta ce mai ya yi yawa, ta shige ɗaki.

Daga nan komai ya zame mata ciwo. Idan yara suka nemi ƙari, sai ta tashi ta hau shara. Idan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar me ke ƙamshi, sai ta rufe taga. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar da muka fito coci, Doña Clementina, wata bazawara da ke ƙarshen layinsu, ta tare Nicanor tana dariya.

"Don Nicanor, na gwada na agadar nan yadda ka ce, amma nawa bai kama ƙafar naka ba."

Muna isa gida Ermelinda ta juyo kan mijinta.

"Wace ce ta koya maka?"

"Koya me, tsohuwa?"

"Kada ka raina min hankali. Namiji ba ya tashi rana ɗaya ya iya cusa wake a agada. A can bakin teku wace ce take dafa maka?"

Ya yi dariya har ƙugun ya motsa, ya dafe wurin. Ya ce ba kowa, su ma'aikata ne suke girkinsu a wurin gini, kowa da irin na garinsu, shi kuwa da yake bai iya hira ba sai aka bar masa murhu.

"Shekara da shekaru kana dafa wa ƙartai, ni ko sau ɗaya ba ka faɗa min ba?"

"Yaushe kika taɓa barin mutum ya matso kusa da wutar?"

Na zaci hankalinta zai kwanta da ta ji ba mace a ciki. Ashe wannan ya fi mata zafi. A hanyar raka ni ta ce, da mace ce da ta san da wa za ta yi faɗa. Yanzu kuwa tunaninta ɗaya: duk shekarun nan yana zaune yana cin nata, ya san akwai wanda ya fi shi, ya yi shiru.

Lahadin da ta biyo baya ta kori kowa daga kicin. Ta sayo nama, abin da ba su saba ba, ta yi miyar wake tun safe har azahar. Ta yi daɗi, ni shaida ce. Ana cikin ci Dunia ta ce, "Mama, da kin matsa lemun tsami kamar yadda Baba yake yi." Yayata ta ajiye ludayi, ta ɗauki mayafinta, ta biyo ni gida.

Ta yi kusan mako a wurina, daga nan take tafiya aiki. Kullum da yamma Nicanor zai ɗingiso da sandarsa, ya ajiye kwano a rufe a bakin ƙofa, ya zauna a kan dutse yana hutawa. Ba ta fita. Sai ya tafi take buɗewa, wai tana duba ko zai kashe mata yara. Tana dubawa har kwanon ya ƙare.

Rannan ta kasa daurewa ta leƙa. "Tsoho, kai ba ka da hankali? Da wannan ƙugun kake hawo tudu?"

"To ki dawo mana. Ni ban iya tortiya ba, yaran sun ce tawa kamar tafin takalmi."

Ta tsaya ta dube shi. "Haka suka ce?"

"Har da Dunia."

A ranar ta koma. Amma ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ta sa shi ya gina mata murhu na biyu a tsakar gida, yana zaune yana jera bulo tana tsaye tana gyara masa. Nata daban, nasa daban. Da ƙugun ya yi dama-dama ya fara kai abincin rana wuraren gini yana sayarwa, ita kuma ta ci gaba da naɗin taba har idonta ya gaji aka sallame ta.

Yanzu duk sun tsufa da gaske. Jikoki in sun zo, takan ja su gefe ta ba su alewa, ta tambaye su na wa ya fi daɗi. Su karɓa su ce nata, sannan su zagaya wurin kakansu. Ta sani sarai.

Watan jiya na je na same ta a inuwar mangwaro da faranti a cinya, tana tsince wake da tabarau a hanci. Na tambaye ta ko na murhunta ne.

"Nasa ne," ta ce, ba ta ɗago ba. "Hannunsa ya fara rawa. In ban tsince ba da tsakuwa zai dafa, kuma mutanen layin nan su ci su ce ba su taɓa cin tsakuwa mai daɗin tasa ba."

Daga ciki Nicanor ya ɗaga murya yana tambaya ko an gama, ruwa ya tafasa.

"Ya tafasa ɗin! Ka jira."