Tabarmar da Ba a Zama a Kanta

Tun ina ƙarama ba na yarda da abu sai na juya shi na ga cikinsa. In aka miƙo mini fura sai na shinshina, in aka ce ga hanya sai na tambayi wanda ya bi ta jiya. Inna takan ce, "Ke ko inuwarki ba ki amince da ita ba." Ni kuwa yabo na ɗauki maganar. Da na girma na yi aure a Gaya, na zama malamar firamare, halin ya yi mini rana, don babu yaron da ya taɓa kawo mini aikin gida da rubutun yayansa ya sha.

Inna tana Toranke, a gidan da aka haife mu, kuma tun rasuwar mahaifinmu saƙar tabarmar kaba ce ke riƙe da ita. Mu biyu muka rage mata, ni da autanmu. Shi ya tafi birni ya daɗe yana buga-buga, sai wata shekara ya zo ya ce ya samu aiki tsayayye. Na tambaye shi aikin me. Ya ce ciyawa yake kula da ita.

"Ta shanun wa?"

"Ba ta shanu ba ce, Yaya. Ta wasa ce. Wasan golf, wanda manya ke buga ƙaramin ƙwallo da sanda."

A wajenmu ciyawa iri biyu ce, wadda ake nomewa da wadda ake yanka wa dabbobi. A ce wai ƙato mai shekara talatin yana ba ciyawa ruwa, yana yi mata aski, kuma a biya shi, abin bai shiga kaina ba. Na kalli sabon takalminsa, na kalli sabuwar wayarsa. Kallon nawa dai Inna ta san shi, don sai da ta harare ni.

A lokacin yana neman wata yarinya a Kademi. Sun daɗe suna tare, kowa ya san da zancen, an kai gaisuwa an karɓa, saura iyayenta su gama bincikensu a sa rana. Ban taɓa ganin autanmu ya damu da wani abu kamar yadda ya damu da yarinyar nan ba. In aka ambaci Kademi, ko da zancen taki ake yi, sai ka ga ya gyara zama.

Da sanyi ya shigo na je gaishe da Inna, na tarar da ita a rana tana saƙa wani abu da ban taɓa gani a hannunta ba. Tabarma ce, amma tsawonta kamu ɗaya, faɗinta bai wuce taƙi ba, da 'yar igiya a kusurwa kamar ta ratayewa. A gefenta an jera irinta sun yi tsibi. Na san tabarmar salla, na san ta zama, na san ta shanyar kuɓewa. Wannan ko jariri ba zai kwanta a kanta ba.

Auta yana nan ranar, ya yi mini bayani. Wai da sanyi ciyawar filin ba ta girma, in sanda ta fasa ta ba ta tofowa da wuri. To sai a ba kowane mai wasa 'yar shimfiɗa, ya ɗora ƙwallonsa a kai ya buga, bugun ya sauka a kan shimfiɗar. Wai na roba ake kawowa daga waje, ba su isa ba, shi ne ya gaya wa ogansa cewa mahaifiyarsa tana saƙa.

"Ƙwallon ake shimfiɗa wa tabarma? Baƙo ne shi?"

Ya yi dariya. "Wallahi haka ake yi, Yaya."

Rantsuwar ce ta ƙara tayar mini da hankali. A makaranta na saba, yaron da ya fara da wallahi shi ne ya ɗauki allin.

Bayan mako uku na koma. Na zagaya bayan rumbu zan ɗebo kara, sai na ga buhu a jingine. Na buɗe, don ba a haife ni in wuce buhu a ɗaure ba. 'Yan tabarmin nan ne a ciki, an dawo da su, kowace da rauni a tsakiyarta. Wuri ɗaya ne a jikin dukkansu, kabar ta dagargaje, ƙasa ta manne a bayansu, ga wani shafi kore-kore a gefe. Na zauna a kan turmi. Duk labaran da ake bayarwa na masu neman duniya ta hanyar asiri suka dawo mini, da na bokayen da manyan birni ke ajiyewa a bayan gida. Me ake yankawa a kan 'yar tabarma, har a bukaci sabuwa kowane mako? Kuma me ya sa sai ta hannun tsohuwa mai salla?

Na kai wa Inna guda ɗaya. "Inna, wa ke yanka tabarma haka?"

Ta karɓa ta shafa da yatsa, ba ta ko ɗago kai sosai ba. "Ba yanka ba ne. Wuƙa in ta bi kaba, sumul take barin bakin. Wannan bugu ne, kuma daga gefe ɗaya yake zuwa. Auta ne ya kawo mini su in ga inda suke cinyewa, in ninka saƙar a wurin."

"To bugun me?"

"Abin da ya gaya miki."

Na ce a raina uwa ce, ko ɗanta ya zo da kan mutum a buhu za ta ce kabewa ce.

Akwai wata maƙwabciyata a Gaya da muke zuwa Islamiyya tare ran Asabar. Gwaggon yarinyar Kademi ce, ƙanwar mahaifinta. Na san haka sarai, kuma ba zan ce na manta ba. Muna dawowa daga karatu ta tambaye ni lafiyar surukin nasu, wato autanmu, cikin wasa. Da na ce lafiya lau na wuce, da shi ke nan. Sai na ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma aikin nan nasa ban gane kansa ba." Ta rage tafiya. Na ba ta labarin 'yan tabarmi, da buhun bayan rumbu, da raunin da ke tsakiya. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Har na ƙara da cewa ta bar shi tsakaninmu, kamar ban san cewa wannan kalmar ce ke sa wa magana ƙafa ba. Gaskiyar ita ce na ji daɗin faɗar, irin daɗin wanda ya ga abin da kowa bai gani ba.

Kwana goma ba a yi ba Baffa, wan mahaifinmu, wanda ke koyar da karatu a zauren gidansa, ya aiko a kira ni Toranke. Na tarar da shi a tsakar gida, Inna tana gefe da kabarta. Ya ce mutanen Kademi sun aiko cewa a dakata da maganar sa rana, akwai abin da suka ji. Ya ce shi bai zargi yaron da komai ba, amma yana ganin Inna ta ajiye saƙar nan har ƙura ta lafa.

"Malam," in ji Inna, "ɗana ya gaya mini abin da ake yi da su, tabarmar ma ta gaya mini. In na ajiye, na ce wa duniya ƙarya yake."

Baffa ya juyo wajena. "Ke kin ji wani abu a Gaya?"

Na ce ban ji ba.

Ko a lokacin ban yi nadama ba. Abin da na ƙudura shi ne in je in gani da idona, in kama shi dumu-dumu, kowa ya san ba banza na yi magana ba. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana, shi ma ce masa na yi zan je asibitin ido. Da sassafe na shiga mota zuwa birni, na yi ta tambaya har mai adaidaita ya sauke ni a bakin wata ƙofa. Na ce wa maigadi ni yayar mai kula da ciyawa ce. Ya nuna mini benci a ƙarƙashin bishiya, ya ce in jira a kira shi.

Daga bencin ana hango filin. Faɗinsa ya fi gonar Baffa sau nawa, ba a shuka komai ba, ciyawar ta yi fari-fari saboda sanyi. Ina zaune wani dattijo ya zo wucewa da hular hana salla, mai furfura, wanda a garinmu da tuni yana zaure yana jan carbi. A jikin jakar sandunansa na hango abin da na sani ko a mafarki, har da jan zaren da Inna ke bi da bakin saƙarta. Ya tsaya inda ƙwallonsa ya faɗa, ya kwance tabarmar, ya shimfiɗa ta a hankali, ya ɗora ƙwallon a tsakiya. Ya gyara tsayuwa, ya yi ta auna sanda kamar mai shirin sare itace, sannan ya kai bugu. Ƙwallon ya tashi, tabarmar ta yi tsalle ta kife. Ya ɗauka ya kakkaɓe, ya rataye, ya bi ƙwallonsa. Babu boka, babu wuƙa, babu jini.

Sai ga auta da takalmin ruwa, yana washe baki tun daga nesa. "Yaya! Ke ce a nan?" Ya zaci ziyara na kawo masa. Ya ja ni ya nuna wa abokan aikinsa, yana cewa ga yayata malamar makaranta. Ya kai ni gefen filin ya tsuguna, ya nuna mini wani tabo kamar tafin hannu inda ƙasa ta fito tsirara.

"Kin ga wannan? Wani ne ya buga ba shimfiɗa, tun farkon sanyi. Kullum ina ba shi ruwa, amma ba zai rufe ba sai damina. Bugu ɗaya ne fa."

Ya ce tabarmin Inna sun fi na roba karɓuwa wajen wasu, har akwai mai cewa a saƙa masa da launi. Ya sayo mini shinkafa da wake a bakin ƙofa, ya tsaya a kaina sai na ci. Yana ta tambayata ko na san abin da mutanen Kademi suka ji, don yarinyar ta daina ɗaukar wayarsa. Na ce masa in sha Allahu komai zai daidaita, na roƙe shi ya bar ni in ɗauki bidiyon masu wasan a waya.

Washegari na gaya wa Baffa komai, har da abin da na ɓoye masa. Bai yi mini faɗa ba, ya ce in yafa mayafi mu tafi Kademi. Mahaifin yarinyar ya karɓe mu a zaurensa da mutunci. Na miƙa masa wayar, ya kalli wani mai wasa yana shimfiɗa wa ƙwallo tabarma, ya sake kallo, har ya murmusa ya ce, "Allah ɗaya, gari bamban." Na ji sanyi a raina, na ce an gama.

Ya miƙo mini wayar. "Malama, na yarda yaron nan ba ya komai sai neman halalinsa. Amma mu ba daga bakin bare muka ji ba. Da maƙiyi ne ya faɗa, da mun bincika mun watsar. Yayarsa ce ciki ɗaya. Yarinyar ta yi kukanta ta gama, ta ce ba za ta iya shiga gidan da 'yar'uwar miji ke yi masa irin wannan zato ba, don gobe ita za a yi wa. Ni kuma ba zan tilasta ta ba."

Baffa ya yi magana, ya kawo aya, ya kawo hadisi. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya raka mu bakin hanya, ya ce a gaida gida.

Ban san wanda ya gaya wa auta ba, ban kuma tambaya ba. Bai kira ni ya zage ni ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Inna ma kalma ɗaya ta ce mini, ranar da na durƙusa a gabanta ina kuka. Ta ce, "Ai ya gaya miki tun ranar farko." Ta ci gaba da saƙarta, tana ninka kabar a tsakiya inda sanda ke sauka.

Damina ta zo ta wuce, an yi bikin yarinyar da wani malamin asibiti. Na tabbata tabon nan na gefen fili ya rufe tuni. Auta yana nan a aikinsa, har an ba shi wasu yana duba su, kuma duk shigar sanyi yana zuwa Toranke ya kwashi saƙar Inna. In zai koma yakan biyo ta Gaya, don Inna ta ce kada ya yanke zumunci. Yakan yi sallama, ya ce, "Yaya, ina wuni," ya tambayi yara, ya ba su abin da ya riƙo musu.

Duk zuwan da zai yi sai na ɗauko babbar tabarmar da Inna ta saƙa mini ta aure, na shimfiɗa masa a inuwa, na kawo ruwa. Shekara uku ke nan, a tsaye yake gaishe ni.