Turancin Gwaggo a Ɗakin Masu Karaya

Gwaggo, yayar babanmu, goge ƙasa take yi a asibiti. Ba nas ba ce, ko da yake a layinmu duk wadda ɗanta ya tashi da zazzaɓi ita take fara aikawa a kira. Kayan aikinta bokiti ne da mofa da tsumma. Wurinta hawa na biyu, ɗakin mata masu karaya: gado goma sha huɗu, taga shida, biyu ba sa buɗuwa. Ta san famfon da sai an murɗa shi baya kafin ya kawo ruwa, ta san majinyaciyar da za ta yi kuka tun kafin hawayen ya zo.

Aji uku ta yi a firamare aka cire ta don renon ƙannenta. Hausa tana karantawa a hankali, da yatsa a kan layi. Mijinta direban babbar mota ne har idanunsa suka raunana ya zauna a gida, 'ya'yanta mata biyu kuma aure ya kai su nesa. Don haka gidan a kan bokitin nan yake tsaye.

Tana da shekara hamsin da huɗu, ashirin da shida daga ciki a asibitin, aka ba wani kamfani kwangilar tsafta. Sabon manaja, saurayi mai ƙamshin turare, ya tara masu goge-goge a bayan ɗakin ajiya. Ya ce nan da wata uku kowa zai zauna intabiyu da Turanci. Wanda bai iya gaida likita ba, bai iya karanta rubutun jarkar magani ba, za a duba lamarinsa.

Da yamma ta biyo gidanmu, ta zauna a bakin ƙofa ba ta ko cire takalmi ba.

"Duk shekarun nan ina goge ƙasar nan," ta ce wa babanmu, "ban taɓa jin ta amsa mini da Turanci ba."

A gado na bakwai akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Malama kowa ke ce mata. Bakinta ba ya raga wa kowa, har nas-nas gyara musu magana take yi. Wata safiya ta ga Gwaggo ta tsaya da jarkar maganin goge ƙasa a hannu, tana motsa leɓe.

"Baiwar Allah, addu'a kike yi wa jarkar?"

Gwaggo ta gaya mata halin da ake ciki.

"To ni ga ni a kwance kamar buhu, ba inda zan je. Kalma biyar kullum. In kin yi wasa in kore ki."

Haka aka fara. Gwaggo takan bar gado na bakwai sai ƙarshe, ta yi ta jan mofa a wuri ɗaya har ƙasar ta riƙa ƙyalli, Malama na faɗa tana maimaitawa. Ƙofa, taga, ruwa, jiƙe, bushe. Tana rubuta su da irin rubutunta a bayan kwalin safar hannu, ta cusa a aljihun yunifom.

Kalmomin ba su ne suka fi ba ta wahala ba, halin harshen ne. Ranar da Malama ta ce kalma ɗaya ce ake faɗa wa kai da ke da ku, Gwaggo ta jingina da mofa.

"Wato abin da zan ce wa jikana shi zan ce wa babban likita?"

"Shi ɗin dai."

"Ba su da manya ne?"

"Suna da su. Ba su dai tanadar musu kalma ba."

Da aka zo sunan wuƙa, Malama ta nuna mata harafin farko ta ce ana rubuta shi amma ba a furta shi. Gwaggo ta duba shi da kyau ta ce ta san irinsa, akwai mutum biyu a ofishin da ke hawan ƙasa, suna cikin lissafin ma'aikata amma ba a taɓa jin motsinsu ba. Malama ta yi dariya har ƙugun ya motsa, sai da aka kira nas.

Dariyar ba kullum ba ce. Ta koyi yadda ake cewa na tafi, aka ce mata in jiya ne kalmar gaba ɗaya canzawa take, kuma babu dalili, haddacewa ake yi. Abin da ta riƙe ranar Litinin, kafin Alhamis ya tsiyaye. A motar haya takan fito da kwalin ta fara bita, barci ya sace ta, sau biyu ana wucewa da ita tasharsu. In ta isa gida ga girki, ga wankin yunifom, ga maganin idon maigida. Ta gwada gaishe shi da Turanci, shi kuwa ya amsa mata da sunayen kayan mota, birki, kuloci, giya, yana ƙyaƙyatawa.

"Bar ni, Malam," takan ce. "Kaina kamar an cika shi da tsakuwa."

A mako na shida ta yi ƙarfin hali. Wani likita baƙo ya shigo da sauri, ta gaishe shi da Turanci, gaisuwar ta fita tsaf. Ya ji daɗi, ya juyo ya zubo mata magana mai tsawo. Ba ta kama ko ɗaya ba, kunya kuma ta hana ta yin shiru, sai ta ce masa e. Ashe tambaya yake ko ƙasar ta bushe. Taku biyu ya yi santsi ya kwashe shi, ya dafe gado, fayil-fayil suka watse a cikin ruwa. Bai ji ciwo ba, amma babbar nas ta wanke Gwaggo tas a gaban majinyata.

Kwana huɗu tana goge gindin gado na bakwai da sauri, kai a sunkuye. A na biyar Malama ta sa sandarta ta tare bokitin.

"Ni ce na karye ko ke?"

"Malama, na tsufa da wannan abin."

"Kin tsufa, ba ƙarya. Yau jimla ɗaya za ki koya, ta fi duk na kwalin nan amfani: don Allah maimaita a hankali. Wanda ya iya ta ba ya cewa e a kan abin da bai ji ba."

Ta koya. Suka ci gaba, amma ba da zafin farko ba. Saura mako uku intabiyu aka sallami Malama, ranar hutun Gwaggo. Da ta dawo ta tarar da wata a gadon, ƙafa a rataye. Nas ta miƙa mata takardar da Malama ta bar mata, mai jimla shida da manyan haruffa, babu sallama, babu adireshi. Ba su sake haɗuwa ba.

Ofishin intabiyun sanyi ne da shi kamar firji. Manaja na zaune da wata mata mai rubutu. Ya tambayi sunanta, ta faɗa. Ya tambayi shekarunta a aiki, ta ba shi cikakkiyar jimla, har matar ta ɗago kai. Tambaya ta uku ta wuce ta. Ta roƙe shi ya maimaita a hankali, ya maimaita, ba ta dai gane ba. Sai matar ta ce da Hausa:

"Inna, cewa yake, kina iya hawa bene da cikakken bokiti sau nawa a rana?"

Gwaggo ta ce tana hawa, sai dai tana hutawa a tsakiya. Suka rubuta wani abu. Duka bai kai minti uku ba.

Ba a kore ta ba. An mayar da ita ɗakin wanki a ƙarƙashin ginin, tana ninke zannuwan gado. 'Yan mata biyu da ko gaisuwar ba su iya ba aka bar su a sama. A ƙasan injuna ke ruri tun safe, ko Hausar ma sai da nuni ake yinta. Da na tambaye ta ko abin ya ɓata mata rai, cewa ta yi akwai benci a wurin, kuma zanin gado ba ya yi wa mutum tambaya.

Shekara huɗu ta ƙara ta ajiye aiki. Ni na raka ta ranar sallama. Aka ba masu ajiye aikin lemo da takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, duk da Turanci. Na miƙa hannu zan karanta mata, ta ce in bari. Ta ɗora yatsa, ta bi layin a hankali, ta wuce sunanta, ta tsaya a kan kalma biyu.

"Shekara huɗu suka rubuta, ko?"

Na ce e, kamfanin nasa kawai ya ƙirga.

Ta ɗan jima tana kallon wurin. Sannan ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta ce in je in tare mana mota, ƙafafunta ba za su kai tasha ba.