Ni da Inna a Ƙarƙashin Murfi

Murfin bayan motata yana nan jingine a bayan rumbuna, kaji suna fakewa a gindinsa. Duk baƙon da ya shigo ya gan shi sai ya taya. Wani ya ce zai rufa garken awaki da shi, wani mai shago ya ce rumfa zai yi. In ce musu ba na sayarwa ba ne, in suka matsa in yi musu tatas. Mai ɗakina ta ce na cika baƙin rai a kan tarkace. Gaskiyarta ne, ina da zuciya, duk ƙauyenmu an shaide ni da wannan. Amma ai ba ita ta shiga ƙarƙashinsa ba.

Sana'ata hatsi. Ina bin ƙauyukan da ke kewaye da Makoda ina sayen gero da dawa da gyaɗa, in kai kasuwa. Tsohuwar a-kori-kurata buɗaɗɗiya ce, ruwan sama ya sha jiƙa mini kaya, tamfol kuwa yau ka ɗinke gobe ya yage. Da Allah ya hore mini na canza mota, sai na samu wata ta hannu a birni, mai ƙofa biyu da dogon baya, ta zo da farin murfi mai tauri wanda ya rufe bayan ruf. Ka murɗa mukulli daga baya, wasu sanduna biyu su ɗaga shi a hankali suna ɗan huci. Ka danna shi ƙasa, ka ji ƙas. Ruwa ba ya shiga, mai ɗan hali a kasuwa ba shi da inda zai zura hannu. Wallahi na so murfin nan. Har goge shi nake da tsumma da safe, maƙwabta suna tsokanata wai na yi amarya.

Sai dai a wajenmu mai a-kori-kura ba shi kaɗai ke da motarsa ba. In mutum ya rasu a asibiti, kai za a kira. A shimfiɗa tabarma a baya, a kwantar da mamaci, maza su zauna gefe da gefe, kowa ya ɗora masa hannu don kada gargada ta jijjiga shi, ana salati har gida. Ba a barin mamaci shi kaɗai a bayan mota kamar buhu. Ban taɓa jin malami ya ce farilla ne ba, haka dai muka taso muka tarar, kuma babu mai yarda a yi wa nasa akasin haka. Saboda haka duk sanda aka kira ni, sai in tara ƙarti mu kwance notinan da suka riƙe murfin, mu sauke shi a ƙofar gida, sannan in tafi. Na sha yin haka ba matsala. Sai wata damina da na yi ta jigilar takin zamani, shi kuwa taki a ɓoye yake cin ƙarfe.

A wannan daminar Inna, mahaifiyarmu, ta kwanta ciwon ƙirji. 'Yar ƙaramar mace ce mai kaifin harshe, a wurinta na gaji faɗa. Muka kai ta wani asibiti a Bici, autarmu ta zauna tana jinyarta. Ranar wata Alhamis auta ta bugo waya tana murna, ta ce likita ya ce gobe za a sallame su. Da safiyar Juma'a na wanke mota tas, na sa matashi a kujerar gaba inda Inna za ta jingina, muka kama hanya ni da Yaya, babban wanmu. Shirinmu shi ne shi ya dawo a motar haya, su biyun su zauna a gaba tare da ni. Wa zai kwance murfi don ɗauko mai rai?

Muna shiga harabar asibitin na hango auta zaune a kan naɗaɗɗiyar tabarma, butar Inna a hannunta. Ta gan mu, ba ta tashi ba. Na sauko da sauri na nufe ta. Ashe da hantsi Inna ta sha koko, ta tambayi ko an yi wa gyaɗarta noma na biyu, ta juya ta fuskanci bango, shi ke nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya ya buga waya gida. Malam, limamin ƙauyenmu, ya ce za a fara haƙa yanzu, jana'iza bayan la'asar, mu yi sauri don hadari ya haɗo a gabas. Na ɗauko sifana na ɗora a kan noti. Ko motsi. Na hau da ƙafa na danna, kan notin ya sule ya zama mulmul. Na koma na gaba, shi ma tsatsa ta haɗe shi da jikin mota. Na aika a nemo bakanike, aka ce duk sun rufe sun tafi masallacin Juma'a, direbobin tasha ma haka. Tafiya da murfin a ɗage kuwa ba ta yiwuwa, iska za ta karya sandunan ya faɗo mata.

Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Mu sa ta mu rufe kawai. Tafiyar ba nisa, kuma wanda ya rasu ba abin da yake ji."

Kai! Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce, "Inna ce fa, Yaya! Inna za mu kulle da mukulli kamar buhun taki? Uwar wa aka taɓa yi wa haka a garinmu?"

Ya ce, "To ka kawo dabara, tunda kai ka ɗora wa mota marfin tukunya."

Mutane suka fara tsayawa suna kallonmu, manya biyu masu furfura suna cacar baki a kan gawar uwarsu. Yayyafi ya soma sauka. Sai auta ta ce a hankali, "Ku bar faɗan. Ni zan shiga in kwanta kusa da ita."

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Na ce, "Ke? Ina raye?" Na miƙa wa Yaya mukullin mota.

Muka shimfiɗa tabarma, muka kwantar da Inna lulluɓe da zanenta. Na hau na kwanta a gefenta, don tsayin wurin bai kai mutum ya zauna ba. Na cire silifa ɗaya na ninka, na cusa a kusurwar baya don iska ta samu kafar shiga. Yaya ya sauke murfin, ya ɗaure shi da igiya tunda makullin ba zai kama ba. Sai a lokacin na lura cewa ta ciki babu mariƙi. Wanda ya ƙera abin bai taɓa tunanin mutum zai shiga ba.

Duhu ya rufe mu da rana tsaka, in ban da wani siririn haske ta wajen ƙafafuna. Warin taki, da ƙanshin gyaɗa, da ƙanshin man da Inna ke shafawa, duk suka haɗu a hancina. Mota ta tashi. Na ɗora hannuna a kanta na riƙe gam. Na yi niyyar karanta Yasin, wadda na haddace tun ina yaro, amma ta ɓace mini fat, sai kalmar shahada kawai nake nanatawa. Ruwa ya tsuge, yana dukan murfin dab da kunnena kamar ana sussuka.

Da bayana na riƙa gane hanya. Ga kwalta, ga inda aka sauka burji, ga kwanar gonakin dawa. A kan wani kwalbati Yaya bai rage gudu ba, motar ta yi tsalle, kan Inna ya bugi haɓata. Na ce, "Sannu, Inna." Na kuma yi shiru ina jiran amsa. Wallahi jira na yi, don na san abin da za ta ce, cewa wannan wan nawa bai taɓa iya tuƙi ba. Ba ta ce komai ba. Sanyin jikinta yana ratso zanen yana shiga hannuna, kafaɗarta ta yi tauri.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Tsoron uwata da ta goye ni. Zufa ta jiƙa ni sharkaf, numfashi ya fara yi mini wuya. In na karkata wajen kafar nan don in shaƙi iska, sai hannuna ya saki Inna, in na koma na riƙe ta, sai ƙirjina ya cushe. Haka na yi ta yi.

Can sai motar ta tsaya, injin ya mutu. Daga baya na ji cewa rafin da ke kafin ƙauyenmu ne ya kawo ruwa, Yaya ya sauka ya duba ko za mu iya hayewa. Ni a ciki ban san komai ba. Na ji an buɗe ƙofa, na ji takunsa a cikin taɓo yana nisa, yana nisa, har ya ɓace. Na buga murfin da gwiwar hannu, na kira shi. Ƙarar ruwa ta cinye muryata, ko auta da ke zaune a gaba ba ta ji ba. Na ce a raina, to ashe haka abin yake, a kawo ka, a rufe, a juya a tafi.

Ban san dalili ba, sai na fara yi mata hira. Na ce an yi wa gyaɗarta noma, ta yi kyau, har ta fara fure. Na ce tunkiyarta ta kusa haihuwa. Na ba ta labarin faɗan da muka yi da Yaya, na ce ni ne da gaskiya. Ina cikin haka tsoron ya kwanta, sai kuka. Na yi kuka irin wanda namiji ba ya yi a gaban mutane, fuskata a jikin zanenta, har injin ya sake tashi.

Da aka ɗaga murfin a ƙofar gida, haske ya kashe mini ido. Fuskoki sun yi cirko-cirko a kaina. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ba a gaya mata ina ciki ba ta ga na motsa, ta ƙwalla ƙara ta yi baya. Hannuna ya sage a kan Inna, sai da Yaya ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Mata suka yi mata wanka da sutura, aka yi salla, muka ɗauke ta zuwa maƙabarta ta tsakiyar gonakin gero. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi laushi. Ni da Yaya muka sa ta a 'yar kabari, wato ƙaramin ramin da ke ciki, muka juya ta ga alƙibla. Aka jera itace a kai, aka fara liƙe tsakaninsu da ɗanyar laka don kada ƙasa ta zubo mata, kamar yadda ake yi wa kowa. Aka liƙe ko'ina, saura wata 'yar kafa ta wajen kanta, ina hango farin likkafani ta ciki. Wani ya miƙo hannu da laka zai toshe. Na cafke hannunsa.

Na ce, "Ku bar mata nan! Ta ina za ta sha iska?"

Kowa ya juyo yana kallona. Ni da na sha binne mutane, ni na faɗi haka a gaban duk mazan garinmu. Yaya ya sunkuyar da kai.

Malam, wanda shi ya koya mini alif da ba, ya tsuguna kusa da ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi lakar daga hannun mutumin, ya buɗe tafina ya zuba mini. Ya ce, "Ɗana, kai ka rako ta tun daga Bici, Allah ya yi maka albarka. Iyakar rakiya ke nan. Toshe."

Na toshe. Na shafe da yatsuna har farin ya ɓace, aka fara tura ƙasa.

Shekaru sun wuce, na yi jikoki, ina yi mata addu'a bayan kowace salla. Na san mamaci ba ya numfashi, na sani sarai, ba sai wani ya karanta mini ba. Amma a duk waɗanda suka tsaya a bakin kabarin nan ni kaɗai na san yadda wuri yake zama in an rufe shi da mutum a ciki, kuma hannuna ne ya rufe.